Binciken Musulunci a Jami'a da Wallafa Shi: Tambayoyin da Ɗalibai Ke Kawo Mini a Zariya

Na daɗe ina duba ayyukan ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku a fannin nazarin Musulunci a nan Zariya. Fuskoki suna sauyawa duk shekara, amma tambayoyin kusan su ke nan. Wani zai tare ni a ƙofar masallaci bayan la'asar, wata ta turo tata ta WhatsApp da daddare, wani kuma ya zo har gida da kundinsa a hammata. Ga waɗanda aka fi maimaitawa, da amsar da nake bayarwa idan na sami sukuni.

Allah ya gafarta Malam, mene ne bambancin karatun zaure da abin da ake yi a jami'a? Ba duk ilimin addini ba ne?

Duk ilimi ne, sai dai tambayar da kowanne ke yi wa littafi daban take. A zaure ɗalibi ya ja baƙi, malami ya fassara ya warware, a bi littafi har a sauke shi: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, mai naci ya kai Muhtasar. Birnin Zariya ya yi suna a wannan fage, musamman a nahawu. Tun da daɗewa ɗalibai daga nesa suke sauka a unguwanni irin su Ƙona da Juma don su goge Larabcinsu.

Jami'a kuwa takan ɗauki littafin nan dai ta tambaya: wa ya rubuta shi, yaushe, wace matsala ce ta taso a garinsu har ya ɗauki alƙalami? Kwafin da ke hannunmu daga wane kwafi aka ɗebo shi? Ta wace hanya Risala, wadda Ibn Abi Zaid ya rubuta a Ƙairawan fiye da shekara dubu da suka wuce, ta zo ta zauna daram a ƙasar Hausa?

Ɗaliban da suka fi faranta mini rai su ne waɗanda suka durƙusa a zaure kafin su zo. Wanda bai yi ba, in ka miƙa masa takardar hannu sai ya tsaya yana juya ta. Irinsa nakan ce ya nemi malami a cikin birni ko Tudun Wada ya riƙa zuwa da yamma. Babu abin kunya a ciki, kuma malaman suna nan.

Ta yaya wannan harka ta kafu a Zariya?

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, amma tsangayarta ta Larabci da nazarin Musulunci a Kano take a lokacin, a Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Don haka binciken Musulunci ya shigo Zariya ta ƙofa biyu. Ta farko ƙofar shari'a, a harabar jami'ar da ke Kongo, inda aka kafa Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci a 1966. Ta horar da alƙalai da dama, tana kuma da mujallarta ta kwatanta shari'ar Musulunci da sauran dokoki. Ta biyu ƙofar tarihi, a Samaru.

A Samarun ne marigayi Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya taso daga Ibadan ya kafa Sashen Tarihi kuma ya musulunta daga baya, ya jagoranci Shirin Binciken Tarihin Arewa da aka soma a 1964. Aikinsu shi ne bin gidajen malamai da fadoji, ana ɗaukar hoton littattafan hannu ana jera sunayensu. Shi ne ya assasa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Kafin su, a makarantun boko galibi daga bakin Turawa matafiya da rahotannin razdan da di'o ake ɗauko labarin jihadin Shehu Usmanu. Suka ce a koma ga abin da masu jihadin suka rubuta da hannunsu. Littafin Murray Last kan Daular Sakkwato, na 1967, a kan wannan turba ya tafi, kuma ya sha sosai daga taskar Waziri Junaidu. A 1975 aka yi taron ƙara wa juna sani a Sakkwato, wanda marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya tace maƙalunsa suka fito a 1979. Bala Usman ya ƙara wani abu da har yau nake ganin amfaninsa: ya koya wa ɗalibai su bi diddigin kowace majiya, ta Bature ce ko tamu.

Ta wajen ɗab'i ma garin ba baƙo ba ne. Nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966. Ɗalibin Zariya a kan gado yake zaune, ko ya sani ko bai sani ba.

Ina masu bincike na duniya suka fi karkata a yanzu?

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne komawa ga tsoffin takardu su kansu. A 1972, ana gyaran babban masallacin San'a a Yaman, aka tarar da tarin tsoffin fatun Alƙur'ani. A 2015 Jami'ar Birmingham ta sanar cewa gwajin kimiyya ya nuna fatar wasu warƙoƙi biyu da ke ɗakin karatunta ta faɗa tsakanin 568 da 645 Miladiyya. A lura, fatar ake aunawa, ba tawadar ba. Duk da haka, waɗannan binciken sun raunana da'awar da John Wansbrough ya yi a Landan a 1977 cewa sai bayan kusan ƙarni biyu da wafatin Manzon Allah Alƙur'ani ya daidaita a siffarsa. A Barlin an fara shirin Corpus Coranicum a 2007, wanda ya tattara hotunan tsoffin mushafai a intanet, kowa na iya dubawa.

Sai aikin kwamfuta. Taskar OpenITI ta tara dubban littattafan Larabci da Farisanci, kuma shirin KITAB na Landan yana sa manhaja ta gano inda wani marubuci ya ciro daga wani, ko da bai ambace shi ba. Abin da a da kan cinye wa malami shekaru yana bin shafi-shafi.

A fiƙihu, hankali ya koma kan yadda aka yi aiki da hukunci: rajistar kotu, fatawoyi, takardun waƙafi da na gado. Ana son a ga abin da alƙali ya yanke ranar da mace ta kawo ƙarar mijinta, a kwatanta da abin da littafi ya ce.

Abin da ya fi shafarmu shi ne yadda Afirka ta daina zama 'yar rakiya. Marigayi John Hunwick ya fitar a 1995 da babban fihirisar marubutan Larabci na yankinmu, sunan malami bayan sunan malami, da inda kwafin kowane littafi yake. Ousmane Kane, ɗan Senegal da ke Harvard, ya nuna a littafinsa na 2016 cewa Tumbuktu ɗaya ce kawai cikin cibiyoyin ilimi masu yawa a Afirka ta Yamma. A Jami'ar Boston, Fallou Ngom da abokan aikinsa suna ɗora rubutun ajami a intanet, har da na Hausa. Wato abin da ke cikin gafakar kakanninmu shi ake nema yanzu a duniya.

A nan gida fa?

Lamurran ƙasa ne ke jan akalar. Bayan Zamfara ta yi shelar shari'a a 1999, jihohi 11 suka bi, aka yi ta rubutu. Philip Ostien, da ya koyar a Jami'ar Jos, ya tattara dokoki da rahotannin kwamitoci cikin mujalladai 5 a 2007, kuma duk mai wannan batu ba ya wadatuwa da barinsu. Izala da ɗariƙu sun sami nasu rabon: an kafa Izala a Jos a 1978, Roman Loimeier ya yi littafi a 1997, Kane ya yi kan Kano a 2003. Farfesa Muhammad Sani Umar ya yi nazari mai zurfi, a 2006, kan yadda malaman Arewa suka tunkari mulkin mallaka. Bankin Musulunci ya zama fage mai zaman kansa tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017. Ga almajirci, ga tafsirin azumi a rediyo, ga wa'azi a Facebook da TikTok.

Daga 2009 kuwa batun Boko Haram ya mamaye kusan komai, domin nan masu ba da tallafi daga waje suka fi zuba kuɗi. Batun yana da muhimmanci, jinin mutane ne. Amma yana yi mini ciwo in ga baƙo ya san Arewa ta wannan taga kaɗai, alhali malaman wannan ƙasa sun yi ƙarnoni suna rubutu kan nahawu, falaki, magani da lissafin gado.

Ya halatta in karanta littattafan mustashriƙai, har in kafa hujja da su?

Mustashriƙai, wato masanan Yamma masu nazarin Musulunci, ka karanta su, kuma ka karanta su da kyau. Ignaz Goldziher, a ƙarshen ƙarni na 19, da Joseph Schacht a littafinsa na 1950, sun jefa shakka mai girma kan hadisi da isnadi. Schacht ɗin nan har Arewacin Najeriya ya zo a 1950 yana duba yadda alƙalanmu ke aiki. Wanda ya fi ba su amsa mai nauyi shi ne Shaihu Muhammad Mustafa al-A'zami, kuma ta yaya? Ya je Cambridge ya yi digirinsa na uku, ya bi misalan Schacht ɗaya bayan ɗaya, ya koma asalin littattafan ya nuna inda aka karanta nassi ba daidai ba. An ba shi lambar Sarki Faisal a 1980. Daga baya Harald Motzki, shi ma Bature, ya yi nazarin Musannaf na Abdurrazzaƙ ya nuna cewa ana iya bin riwayoyi da yawa har ƙarnin farko.

Abin da ba na karɓa a kundi shi ne ɗalibi ya rubuta "mustashriƙai sun ce" ba suna ba shafi, sannan ya bi da zagi. Sau da yawa in na tambaya sai in tarar bai taɓa ganin littafin ba, a bakin mai wa'azi ya ji. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Akwai mai mugun nufi, akwai mai kuskure da gaskiyarsa, akwai kuma wanda ya yi wa littattafanmu hidimar da mu ba mu yi ba. Adalci ga abokin jayayya umarni ne na Alƙur'ani, bai faɗi a kan mai bincike ba.

Malam, duk batun da na kawo sai a ce an riga an yi. Ina zan sami sabo?

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Dalilin da ya sa ake ce maka an yi shi ne kana zaɓar take daga jerin kundayen da suka gabata, ka canza sunan gari ko sunan malami. "Gudummawar Malam wane wajen yaɗa addini a ƙaramar hukuma kaza" mun karanta irinsa har mun haddace babi-babinsa: haihuwarsa, karatunsa, matansa, ɗalibansa, rasuwarsa. Malamin ya cancanci a rubuta shi, amma yabo kaɗai ba ya zama bincike. Me ya karantar, daga wa ya karɓa, a wace mas'ala ya saɓa wa mutanen zamaninsa, me ya rubuta a gefen littattafansa?

Ka fara daga majiya, take zai biyo baya. Ka je ka zauna da fihirisar littattafan hannu na Shirin Binciken Tarihin Arewa a Samaru, ko na Gidan Arewa. Ka je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, tafiyar da ba ta kai ta yini ba, ka nemi fayilolin lardin Zazzau da abin da ya shafi kotunan alƙalai. Ka dubi waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta a farkon zamanin Turawa, da idon mai nazarin addini. Ka tambayi yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a Zazzau tun ƙarni na 19, kafin zuwan Failar Shehu Ibrahim Inyass. Ka bi silsilar karatun nahawu a cikin birni, wa ya karantar da wa, tun da tsofaffin da suka riƙe wannan a ka suna ta tafiya.

Wata shekara wani ɗalibina ya kai ni wani gida a cikin ganuwa, aka fito mana da gafaka uku na kakan mai gidan. Biyu lafiya lau. Ta ukun da aka kwance, gara ta riga ta shiga, yoyon damina ya manne sauran, takardun suna marmashewa a hannu. A shafin da ya tsira na ga sharhi da hannun mamacin a gefen wani littafin fiƙihu, ƙanana-ƙananan layuka, rabinsu Larabci rabinsu ajami. Ban yi barci sosai ba a daren. Mutumin nan ya yi shekaru yana tunani a kan takardar nan, mu kuma muna 'yan kilomitoci kaɗan daga gidansa muna cewa babu batun bincike.

In za ka shiga irin wannan gida, ka bi ta hannun dattijon da suka yarda da shi. Ka je gaisuwa kafin ka je da kyamara. Kada ka nemi a ba ka aro ka fita da shi, domin gidaje da yawa sun ba da aro ba a dawo musu da shi ba, kuma ba su manta ba. Ka ɗauki hoto a gabansu, da izininsu.

Tahaƙiƙin littafin hannu ya isa a ba mutum digiri? Wasu sun ce kwafe ne kawai.

Wanda ya faɗi haka bai taɓa yi ba. Za ka nemo duk kwafin da za ka iya samu, ka siffanta kowanne: girmansa, irin hannun, sunan mai kwafe da kwanan wata in ya rubuta a ƙarshe. Za ka ɗaga takardar ga haske ka ga tambarinta. Da yawa daga takardun ƙasar nan na ƙarni na 19 daga Italiya aka kawo su ta hamada, masu tambarin jinjirin wata uku, kuma wannan kan taimaka wajen ƙiyasta shekarunsu. Sannan ka gwada kwafin da juna kalma-kalma, ka zaɓi uwa, wato kwafin da za ka dogara a kai, ka rubuta saɓanin a ƙasa, ka fitar da ayoyi da hadisai da maganganun da marubucin ya ciro zuwa asalinsu. Kafin duk wannan ma sai ka tabbatar littafin na wanda aka jingina wa ne, domin akwai rubuce-rubucen da aka liƙa wa Shehu ko Bello don su sami karɓuwa.

Ka duba aikin Fathi El-Masri kan Bayan Wujub al-Hijra na Shehu, wanda ya fito a 1978, ka ga yadda ake yi. Shehu da Abdullahi da Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce, kuma da yawa bugun kasuwa kawai muke da shi, mai cike da kurakuran ɗab'i.

Da wane harshe ya kamata in rubuta?

Kundi dai ka bi ƙa'idar sashenku. Maƙala kuwa ka dubi wanda kake son ya karanta. Ingilishi zai kai ka ga masu bincike na duniya, Larabci zai kai ka ga malaman zaure da na ƙasashen Larabawa, kuma mai nazarin Musulunci na gaske ba ya rabuwa da ɗayansu. Faransanci ma riba ne, domin maƙwabtanmu na Nijar da Mali da Senegal da shi suke rubutu kan abin da muka yi tarayya a ciki.

Amma ina roƙonka kada ka bar Hausa. Mutanen Shehu da Larabci suka yi wa malamai magana, suka juya suka yi wa jama'a waƙa da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta mahaifinta zuwa Hausa don waɗanda ba sa jin Fulatanci. In ka yi bincike kan zakka a kasuwar Sabon Gari, 'yan kasuwar da suka ba ka lokacinsu suna da haƙƙin su ji abin da ka gano da harshen da suka yi maka magana.

A wace mujalla zan buga, kuma yaya ake tantancewa?

A waje, wadda ta fi kusa da mu ita ce Islamic Africa, da kamfanin Brill na Holan ke bugawa, magajiyar Sudanic Africa da aka fara a 1990. Mai fiƙihu ya dubi Islamic Law and Society. Mai tafsiri ya dubi Journal of Qur'anic Studies ta Edinburgh, wadda ke karɓar maƙala da Larabci ma. Akwai Journal of Islamic Studies ta Oxford, da Islamic Studies ta Islamabad da ke fitowa tun 1962. A gida akwai mujallar Cibiyar Kongo, da ta ƙungiyar malaman Larabci da nazarin Musulunci ta NATAIS, da na sassan jami'o'i. Kafin ka aika wa kowace, ka karanta fitowarta uku ko huɗu na baya-bayan nan. Editoci suna gane wanda bai taɓa buɗe mujallarsu ba tun daga tsakure.

Edita zai fara dubawa. In ya ga ta dace, zai cire sunanka ya aika wa masana, yawanci biyu, su ma ba za ka san su ba. Za su ce a karɓa, ko a gyara, ko a ƙi. Wannan kan ɗauki watanni, wani lokaci a haura shekara kafin ta fito. Ba a aika maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Manyan mujallun nan galibi ba sa karɓar ko kwabo daga marubuci, sai in shi ya zaɓi a buɗe maƙalar kyauta ga kowa, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba.

An turo mini imel cewa za a buga maƙalata cikin mako guda in na biya dala. In tura?

Kada ka tura. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Babu masanin da zai karanta maƙala ya auna ta cikin kwana uku, don haka abin da suke sayarwa shafi ne a intanet da takardar shaida. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayen irin waɗannan kafin ya rufe jerin a 2017, kuma ba su ragu ba. Alamominsu a fili suke: mujalla ɗaya tana buga aikin injiniya da na hadisi da na kiwon kaji, imel ɗin cike da kirari, sunayen editoci ba a san inda suke koyarwa ba. Lambar ISSN rajista ce kawai, ba ta shaidar inganci. In sun ce suna cikin rumbunan da ke jera mujallu irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL, ka shiga can da kanka ka duba.

Na san abin da ke tura mutane. Ƙarin girma yana bin yawan maƙalu, ga iyali, ga albashin da ba ya kai wata. Ba na raina wannan matsin, ina cikinsa. Amma kwamitocin tantancewa sun fara watsar da irin waɗannan, mutum ya yi asarar kuɗi da aiki, tun da abin da aka riga aka buga ba wata mujallar kirki da za ta sake karɓa. Mujallun gida da ke karɓar ɗan kuɗin tantancewa da na ɗab'i daban suke, domin yawancinsu ba su da wani tallafi. Ma'aunin shi ne: suna dawo maka da gyara na gaske? Suna ƙin wasu maƙalun?

An dawo mini da maƙalata, an ƙi ta. Shi ke nan?

A'a. Ka ajiye rahoton kwana biyu har zuciya ta huce, sannan ka karanta shi da biro a hannu. Ka gyara abin da suka yi gaskiya a kai, ka aika wa wata mujallar. Manyan farfesoshin da kake gani duk an ƙi nasu.

Shamila da ƙirƙirarriyar basira fa, a yi aiki da su?

Maktaba Shamila, manhajar da ta tara littattafan Larabci, ni'ima ce, da ita nake neman nassi kullum. Sai dai nema ne kawai. In ka samu, ka koma ga bugun littafin ko hotonsa ka tabbatar da lafazi da shafi, domin akwai kurakuran bugawa, kuma ka karanta abin da ke gaba da bayan jimlar. Na sha ganin an jingina wa malami ra'ayin da ya kawo ne don ya rushe shi a layi na gaba.

Manhajojin basira suna taimakawa wajen gyaran Ingilishi, amma suna ƙirƙiro sunan littafi da lambar hadisi da babu su, cikin lafazi mai daɗin ji. A wannan fanni abin ya wuce kuskuren ilimi, yana iya zama jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, abin da bai faɗa ba. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana daga addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Muslim ya kawo wannan a gabatarwar Sahihinsa. Manazartar da ke ƙarshen kundinka isnadinka ce. Satar rubutun wani kuwa, ko manhajar gano satar rubutu ta Turnitin ba ta kama ka ba, cin amana ne, har da fassaro shi daga Larabci a yi shiru.

Malam, ni matar aure ce da yara. Akwai abin da zan iya yi ba tare da yawan tafiya ba?

Akwai, Malama, har ma da wanda ke kaɗai za ki iya. Ni ba zan shiga cikin gida in zauna da tsohuwar da ta yi shekara arba'in tana karantar da mata ba, ke za ki shiga. Jean Boyd ta fitar da tarihin Nana Asma'u a 1989, ita da Beverly Mack suka tattara rubuce-rubucenta a 1997, duniya ta san 'Yan Taru, matan da Nana ta shirya wa karatu, da jajinsu, wato jagororinsu. Zazzau fa? Su wane ne malamai mata na cikin birni, me suka karanta, wa ya ba su izini? Islamiyyun matan aure na dare, waƙoƙin bege da na wa'azi da ke bakin mata, yadda mace ke bin haƙƙinta na gado a kotu, duk suna kusa da ƙofarki. Ki nemi yardar wadda za ki naɗi muryarta, ki ɓoye sunanta in ta so.

Ina ake samun tallafi?

Malaman manyan makarantun gwamnati suna da TETFund, ta hannun makarantarsu, don bincike da halartar taro da buga littafi. Mai son ceto littattafan hannu ya duba shirin ɗakin karatu na Birtaniya na adana takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004. Sharaɗinsu shi ne asalin takardun ya zauna a ƙasarsa, hoto kawai ake ɗauka.

Na kare kundina. Me ya rage?

Kundi da yawa a nan suke mutuwa, a ɗaure su da baƙin bango a jera a kanta. Ka tabbatar naka ya shiga rumbun intanet na makarantarku; na Jami'ar Ahmadu Bello sunansa Kubanni, sunan rafin nan da ya ratsa garin. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce, don kada a cakuɗa ka da masu irin sunanka, mu da Muhammad da Abubakar suka yi mana yawa. Ka ciro babi mafi ƙarfi ka mayar da shi maƙala tun abin yana da ɗumi a kanka. In littafi kake so, sai ka sake rubutawa: ka rage bitar ayyukan da suka gabata, ka cire maimaici, ka kai wa maɗaba'ar da ke ba masana su duba kafin ta buga, irin ta jami'a da ke Samaru.

Sannan ka koma gidan da aka buɗe maka gafaka. Ka kai musu kwafin kundin, da hotunan takardunsu a bugu da kuma a filashi, da 'yan shafuka na Hausa da ke bayyana abin da kakansu ya rubuta. In da hali ka haɗa da akwatin ƙarfe mai murfi, ka nuna musu su ɗora shi a kan benci nesa da bango kafin damina ta sauka.